Yadda mai nutso zai shiga ɗakin iska a ƙarƙashin ruwa ya fito lafiya

Duk lokacin da bidiyon Harrison Okene ya sake zagayowa a WhatsApp, ba na samun sakat. Majalisar da na zauna, a Agege ne ko a Idi-Araba, da an ji cewa sana'ata nutso a ƙarƙashin jiragen ruwa a Apapa, tambayar ɗaya ce. Wani dattijo mai sayar da goro ma har riƙe hannuna ya yi: "Ɗana, tunda yana da iska a wurin, me ya hana shi ya cika ƙirji ya yi sama?" Na ce, "Baba, da ya yi haka, da gawarsa aka tsamo." Matasan da suka fara koyon nutso kuma tasu tambayar ita ce yadda ake shiga irin wannan wuri a fito. To ga amsa, mataki bayan mataki.

Ga wanda bai san labarin ba, Okene kuku ne a jirgin jan kaya mai suna Jascon 4, wanda ya kife ranar 26 ga Mayu 2013 a teku daura da Escravos ta jihar Delta, ya sauka ƙasa a zurfin kusan mita 30. Cikin mutum 12 shi kaɗai ya tsira, bayan kusan awa 60 a ɗan wurin da iska ta maƙale. Wannan wuri shi nake kira ɗakin iska. Kifa ƙwarya a kan ruwa ka danna ta ƙasa a miƙe, iskar cikinta ba ta da hanyar fita. Haka rufin kogo yake riƙe iska, haka ma ɗakin jirgin da ya nutse.

Legas ba ta da kogon ruwa. Mai son kogo sai ya nufi Meksiko, ko Fulorida a Amurka, ko Chinhoyi a Zimbabuwe. Amma muna da nutsattsun jirage a bakin teku, da ƙarƙashin jeti, da kwale-kwalen da ya kife, kuma lissafin matsi iri ɗaya ne a dukkansu.

Kayan aiki da abin da za su ci

Kwamfutar nutso ta ɗaurawa a hannu, mai nuna zurfi da lokacin da ya rage maka, ita ce kan gaba, ita kuma nake cewa kowa ya sayi tasa. Mai sauƙi takan kama dala 200 zuwa 300, wadda ke iya lissafin iska iri-iri kuwa tana kaiwa dala 1,000. Ban sa kuɗin a naira ba don kafin ka gama karantawa canji ya motsa. Kada ka yi aron kwamfutar wanda ya yi nutso jiya, domin lissafin jikinsa ne a ciki, naka babu.

Sai silindar iska biyu, kowace da regiletarta (na'urar da ake sawa a baki a shaƙi iskar silinda), tocila uku, igiyar jagora da abin naɗe ta, wuƙa ko almakashi, hular kwano mara nauyi, allon rubutu na roba, da rigar iska, wadda ake hurawa ta ɗaga mai nutso a ruwa. Silinda da dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi ana iya haya. A cikin kwale-kwale kuma a ajiye tukunyar oksijin ta taimakon gaggawa, da mutumin da ya iya aiki da ita.

Abin da ya fi duka tsada shi ne horo. Takardar farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, iyakarta mita 18 ne a buɗaɗɗen ruwa, ba ta ba ka izinin shiga inda akwai rufi a kanka ba. Kwas ɗin kogo ko na cikin jirgi daban ne, ƙungiyoyi irin su TDI da GUE da IANTD ke bayarwa, kuma galibi sai ka haɗa da kuɗin tafiya. Wannan rubutu ba ya maye gurbinsa.

1. Yi lissafin matsi tun kana kan tudu

A bakin teku iskar duniya tana danna mu da awo ɗaya, wanda ake kira bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan gishiri tana ƙara wani bar ɗin. A mita 10 kana cikin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iskar da ka shaƙa a mita 30 a cure take ninki huɗu, saboda haka silinda ke saurin ƙarewa, kuma naitirojin, wanda shi ne kaso mafi yawa na iskar da muke shaƙa, ke narkewa cikin jini da nama fiye da yadda yake a waje. Idan ka hau a hankali, yana fita ta numfashi. Idan ka yi gaggawa, sai ya tashi kumfa a jiki kamar lemun kwalba da aka buɗe bayan an girgiza shi. Wannan ciwo masu aikinmu suna ce masa bens.

Rubuta a allonka zurfin da za ka kai da iyakar lokacinka. A jadawalin nutso na PADI, da iskar da muka saba shaƙa, mita 18 tana ba ka minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. Wuce haka, to zango ya wajaba a kanka, wato tsayawa a wani zurfi na ƙayyadadden lokaci kafin ka fito.

Gargaɗi: duba jadawalin cika da janyewar teku. A Legas bambancin bai wuce kusan mita 1 ba, amma idan ruwa na cika, ɗakin iska ƙanƙancewa yake yi, kuma igiyar ruwa a bakin mashigar Apapa ba ta wasa.

2. Raba iska uku, ka ɗaura igiya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Idan silinda tana nuna bar 210, bar 70 na shiga, 70 na fita, 70 na ajiya saboda kai ko abokin nutsonka. Da allura ta taɓa 140 sai a juya, ko da ɗakin iskar yana gabanka kana hangensa. Igiya kuma a ɗaura ta tun daga buɗaɗɗen ruwa, ta bi ka har ciki ba yankewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sa ɗakin iska cikin lissafinsa, ya ce ai idan na isa can zan huta in shaƙi ta wurin. Iskar da ba ka auna ba ba ta shiga lissafi. Ka ɗauka babu ita.

3. Kafin kanka ya fito

Daga ƙasa, fuskar ruwan da ke cikin ɗakin tana ƙyalli kamar madubi idan ka haska ta. Tsaya nan tukuna. Dubi kwamfuta ka ga ko akwai zango a kanka. Idan akwai, kada ka hau ko da mita ɗaya sama da inda ta tsayar da kai, don ba ka riga ka san wane irin ɗaki ne ba.

Idan babu zango, hau a hankali, kada ka wuce mita 9 a minti, kana numfashi yadda ka saba, hannu ɗaya a sama. Wani ɗakin tsawonsa bai kai taki guda ba, rufin kuma dutse ne mai kaifi ko ƙarfe mai tsatsa. Da ka fito, hura rigar iska har ta ɗauke ka ba tare da ka motsa ƙafa ba, sannan ka maƙala igiya a wani abu mai ƙwari ka sa mata alamar da ke nuna hanyar fita.

Gargaɗi: kumfar numfashinka tana kaɗo laka da tsatsa daga rufi. A ruwan Legas, musamman da damina, abin da kake gani tun farko ba shi da yawa. Cikin minti ɗaya za ka iya rasa ganin hannunka, shi ya sa igiyar ba ta barin yatsunka.

4. Karanta kwamfuta ka gane irin ɗakin

Nan ne zuciyar maganar, a nan kuma ƙwararru ma ke tuntuɓe. Kanka yana waje, kana jin ɗigar ruwa daga rufi, zuciyarka tana gaya maka ka fito. Kada ka saurare ta. Ɗaga hannu ka karanta lambar zurfi. Kwamfuta matsi take aunawa, ko tana cikin ruwa ko tana cikin iska.

Idan ta ci gaba da nuna, misali, mita 12, to rufaffen ɗaki ne. Ruwa ne ke danne iskar, matsinta bar 2.2 ne, daidai da zurfin fuskar ruwan da ke cikin ɗakin idan aka auna daga saman teku. A wurin jikinka har yanzu kana mita 12, naitirojin yana ci gaba da shiga. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ko ka hau dutse ko tsani a cikin ɗakin ka yi sama mita 3, matsin bai ragu ba, saboda iska ba ta da nauyi irin na ruwa. Ka bushe, ka zauna, ka miƙe ƙafa, amma agogon nutso yana tafiya.

Idan kuwa lambar ta sauka zuwa sifili, ɗakin yana da wata kafa da ta haɗa shi da iskar duniya, ko ta tsagar dutse ko ta bututun jirgi da ya leƙo sama. Ka fito ke nan ta fuskar matsi, duk da cewa rufi yana kanka. Haɗarin wannan daban ne. Wanda ya daɗe a mita 25 ya hau kai tsaye cikin irin wannan ɗaki, daidai yake da wanda ya tsallake zangonsa ya fito tsakiyar teku, sai dai shi ba kwale-kwale kusa, ba oksijin, kuma dole ya sake nutsewa kafin ya ga rana. Saboda haka buɗaɗɗen ɗaki ana yi masa duk zangon da ake yi wa fitowa ta gaske, har da tsayuwar minti 3 a mita 5.

Akwai hanyar ganewa tun kafin ka iso. Idan kana hawa, lambar zurfi tana raguwa tana kusantar sifili, fuskar ruwa kuma tana nan sama da kai daidai da wannan tazara, buɗaɗɗe ne. Idan ƙyallin yana dab da kai alhali kwamfuta tana cewa mita 14, rufaffe ne.

Masu dogon nutso a kogo sukan yi amfani da wannan ɗabi'a da gangan. Suna kifa babban baho ko tanki a mita 6, su ɗaure shi, su cika shi da iska mai kyau, su zauna ciki su yi dogon zangonsu ba tare da sanyin ruwa ya ci su ba. Zangon yana ƙirguwa saboda matsin na mita 6 ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa bushewar jiki ba ta da alaƙa da saukar matsi.

5. Bar regileta a bakinka

Wace iska ce a ɗakin? Wani lokaci numfashin waɗanda suka riga ka ne ya taru a rufi, iskar da huhu ya riga ya ci. A cikin jirgi tsatsa tana shanye oksijin sannu a hankali, ga tururin dizal da fenti. Inda ciyawa ko kifi ko itace ke ruɓewa ana samun iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa take kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi. Ko babban kogo bai tsira ba: a Tham Luang ta ƙasar Tailan a 2018, inda yara 12 da kocinsu suka maƙale, oksijin ɗin wurin ya sauka zuwa kashi 15 cikin 100, alhali na waje 21 ne.

Matsi kuma yana ninka guba. Kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa da numfashi, kashi 2 cikin 100 a ɗakin da ke mita 30 yana aiki a jiki kamar kashi 8 a waje, wanda ya isa ya rikita mutum har ya sumar da shi. Shi yana da alama: haki, ciwon kai, zafi, ruɗewa. Ƙarancin oksijin ba ya sallama. Kana magana sai kawai ka tafi.

Na taɓa ganin haka da idona a ƙarƙashin wani tsohon jirgin dakon kaya da ya kife. Wani yaro da ke koyon aiki tare da mu ya fito cikin ɗakin iska, ya zare regileta don ya ce mini, "Yaya, ka ga wurin nan kuwa?" Bai kai ga jimla ta biyu ba idanunsa suka juya. Abin da ya cece shi, bayan ikon Allah, rigarsa a hure take, ni kuma tawa regiletar tana bakina. Na mayar masa da tasa na danna maɓallin hura iska har ya farfaɗo. Ranar aikin ya tashi, shi kuma ya kwana a asibiti.

Idan magana ta zama dole, yi ta a allo. Idan kuma larura ta kai ga a shaƙi iskar wurin, kamar silinda ta samu matsala, ga tsari: riga a hure, mutum ɗaya kawai ya cire, ɗayan ya riƙe shi yana kallon idonsa da regileta a shirye, kuma a fara sakin iskar silinda a gaban fuskar mai cirewa.

Gargaɗi: kada ka gwada iskar da ashana ko laita. Inda akwai tururin mai ko iskar ruɓa, wuta za ta tashi, kuma a cikin matsi wuta ta fi ci.

Wani gargaɗin na 'yan'uwanmu ne masu nutso da numfashi ɗaya, irin masu ɗebo yashi a lagun da masu ceton kaya idan kwale-kwale ya kife. Mai nutso da numfashin da ya ɗauka a sama ba ya fuskantar fashewar huhu, don iskar tana komawa girmanta na farko ne kawai. Amma da zarar ya shaƙi iska a ƙasa, lissafi ya canza. Ƙirjin da ya cika da lita 6 a mita 5 zai nemi zama lita 9 a sama. Huhu ba ya ɗaukar haka, hawan mita ɗaya da ɗoriya da rufaffen numfashi ma yana iya yaga shi. Wanda ya shaƙa a ƙasa dole ya hau yana fitar da iska ta baki har ya fito.

6. Ƙirga zaman cikin lokacin nutso

Ɗauki misali. Hanya tana mita 18, ɗakin ma a nan yake. Ka yi minti 15 kafin ka isa, ka zauna minti 20 kana ɗaukar hoto, komawa kuma wasu minti 15. Jimla 50 ke nan cikin 56, ba ka sa lokacin sauka ko ɓata lokacin warware igiya ba. Zaman da ka ɗauka hutu ne ya cinye kusan duk rarar da kake da ita. Ni a rufaffen ɗaki ba na wuce minti 2 zuwa 3, sai in aiki ne ya kai ni.

Idan kana shaƙar naitiroks, wato iskar silinda da aka ƙara wa oksijin, mai oksijin kashi 32 cikin 100, kwamfutarka tana lissafi a kan naitirojin kashi 68. Ka cire regileta ka shaƙi iskar ɗakin, naitirojin ɗinta 79 ne ko fiye, ita kuwa ba ta sani ba. Za ta ba ka lokacin da ba ka da shi.

A buɗaɗɗen ɗaki matsalar hawa da sauka ce. Ka sauka mita 20, ka fito sifili, ka sake sauka, ka sake fitowa: kowace hawa tana iya haifar da ƙananan kumfa. Rage yawan irin wannan, kuma kada ka yi aikin ƙarfi a tsakani, kamar jan silinda a kan duwatsu da sauri, domin wahala bayan hawa tana ƙara haɗarin bens.

Ƙarshen wannan lissafi shi ne halin Okene. Bayan kusan kwana ɗaya a zurfi ɗaya, jiki ya sha naitirojin iya shansa. Shi ya sa masu ceto suka sa masa hular nutso suka kai shi cikin ƙararrawar nutso, wato ɗan ɗakin ƙarfe mai riƙe matsi da ake saukarwa ƙasan ruwa, daga nan zuwa camba, wato rufaffen ɗakin jinya da ake ƙara ko rage matsin iskarsa, inda ya ƙara kusan awa 60 ana sauke masa matsin kaɗan-kaɗan. Idan ka tarar da mai rai a irin wannan wuri kuma ya daɗe, kada ka ja shi sama. Kai masa iska mai kyau, ka koma ka kira masu camba.

7. Fita

Kafin ka nutse, ku nuna wa juna ma'aunin iska, ku taɓa alamar igiya ku tabbatar da alƙibla, sannan a sace iskar riga. Daidaita matsin cikin kunne tun daga farkon sauka, musamman idan ɗakin buɗaɗɗe ne, saboda mita 10 na farko ne matsi ke ninkawa biyu. Wanda mura ta toshe wa kunne a nan yake gane kurensa, don ba shi da wata hanya sai ƙasa. Mai mura ya zauna a kwale-kwale.

A buɗaɗɗen ruwa a hau a hankali, a yi duk zangon da kwamfuta ta nema, kuma a bi wadda ta fi tsanani tsakanin taka da ta abokinka.

8. Bayan an fito

Sha ruwa, ka huta, ka bar ɗaga silindu ga wasu na ɗan lokaci. Kada ka shiga jirgin sama kafin awa 12 bayan nutso ɗaya mara zango, awa 18 bayan nutso da yawa, kuma idan ka yi zangon dole ka ba shi awa 24 ko fiye. Masu nutso ranar Asabar su kama jirgin Kano da asubahin Lahadi, da ku nake.

Kula da jikinka har kwana ɗaya. Ciwon kafaɗa ko gwiwa mai zurfi, ƙaiƙayi da tabo a fata, mutuwar yatsu, jiri, gajiya marar dalili, kasa fitsari, duk alamu ne, kuma yawanci suna bayyana cikin awoyin farko. Kada a ce gajiya ce a shafa man zafi, kada kuma a mayar da mutum ruwa wai don kumfar ta koma. A kwantar da shi a miƙe, a sa masa oksijin zalla, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa, a kira 112 ko 767, a tafi da kwamfutarsa tare da shi don likita ya ga zurfi da lokaci. Jinyar da aka fi yi a camba tana farawa da matsin mita 18, tana ɗaukar kusan awa 5, wani kuma sai an maimaita masa.

Camba ba a kowane asibiti take ba, mafi yawan waɗanda ke ƙasar nan na kamfanonin aikin teku ne da sojan ruwa. Tun ana saura kwana a fita, a buga waya a tabbatar wadda ke aiki, a tambayi kuɗinta da wanda zai karɓe ku da dare, a rubuta lambar a jikin akwatin oksijin. A lissafa har da cunkoson hanyar Apapa, kuma idan ta ruwa ta fi sauri, a bar isasshen mai a kwale-kwalen saboda wannan tafiyar.